Maɗacin Saba'in da Biyar

Kwana tara Mushe Mudi, wato Malam Mudi a bakin 'yan bokon Nijar, ya yi a Maradi ana yi masa aikin yanar ido, kuma abin da gyararren idon ya fara gane masa da ya sauka daga mota a Gidan Marwa shi ne sararin sama a wurin da ba a saba ganin sama ba. Ya tsaya bakin hanya da ledar magani a hannu, ya rufe ido ɗaya ya duba, ya rufe ɗayan ya ƙara dubawa. Laifin ba na ido ba ne. Maɗacin ƙofar lakol, wato makarantar boko, shi ne ba ya nan.

Wanda bai san Gidan Marwa ba zai ce ai itace ne kawai, a dasa wani. To, ga yadda abin yake. A 1975, da aka ce ranar uku ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, kowane ɗan Nijar ya dasa itace, Mudi yana sabon malami, ɗan shekara ashirin da biyu, ga tsukakken wando ga saurin fushi. Shi ya tara 'yan ajinsa suka dasa maɗacin nan a bakin hanya. Shekara ta zagayo suka dasa wani a bayansa, aka yi ta tafiya haka har layin ya wuce rijiya ya kusa taɓa gonakin gero. Wandon ya tsufa an yar, fushin dai yana nan. Daraktocin lakol sun zo sun tafi, shi kansa Mushe ya yi ritaya, amma layin itatuwan bai taɓa fita hannunsa ba. A nan yake koya wa yara tarihin ƙasarsu, yana tafe suna biye. Wannan aduwar ta shekarar yunwa ce, shi ya sa ta tsumbure. Wannan gawon na shekarar babban taron ƙasa ne. Waccan tsamiyar ta shekarar fara ce, sai da aka lulluɓe ta da tsohon zane kafin ta tsira.

Yana da doka guda wadda ba ya sassautawa. Ba a dasa itace sai an samu mai ba shi ruwa, mutum ɗaya da zai tsaya gaban jama'a ya ce shi ya ɗauka. In itacen ya sha rani biyu bai mutu ba, sai Mushe ya fasa gwangwanin tumatir, ya daddale shi, ya huda shekara da sunan mai ban ruwan da ƙusa, ya kafa a jikin itacen. Kafin rani biyu, ko ɗan wane ne ba ya samun gwangwani.

Yanzu ga kan layin nan a kwance, an yanka shi gunduwa-gunduwa. Mata sun zo da kwanuka suna ɓantarar ɓawo don maganin ciki, suna hira kamar ana rabon naman Layya. Dalhatu mai zarton inji yana tsugune yana wasa haƙoran zartonsa. Da ya ga wanda ke zuwa sai ya miƙe ya cire hula ba tare da ya san dalili ba.

"Sannu da zuwa, Mushe. Yaya ido?"

"Ido ya warke, ga shi yana ganinka. Wa ya sa ka?"

"Komiten buki. Yahuza ne ya zo ya ce babban baƙo za ya taho daga Maradi dashen icce, kuma babu wurin kafa rumfa kusa da hanya."

"Maimaita mini."

"Babban baƙo za ya zo dashen icce..."

"Sai kunka sare icce."

Dalhatu ya sunkuyar da kai. Shi ma da ya ji maganar ta fito daga bakinsa sau biyu, ya ji yadda take. Don ya kau da zancen sai ya sa hannu aljihu ya ciro wani ɗan ƙarfe baƙi, a lanƙwashe, gefe guda da sabon yanka.

"Ga abin da ya karya mini haƙora ukku. Can cikin tsakiyar iccen na same shi, ɓawo ya haɗiye shi tun tuni. Kamar da rubutu, amma ni ban yi lakol ba."

Mushe Mudi bai buƙaci gyararren ido ba don ya karanta. Yatsansa kaɗai ya bi ramukan da shi da kansa ya huda: 1975, RAHINA MAMAN. Yarinya 'yar shekara goma, siririya, mai giɓi. Ranar dashe duk mazan ajin suka yi ta kallon ƙasa, ita ta ɗaga hannu. Rani biyu tana ɗauko ruwa da ɗan tulu daga rijiya mai gaba ashirin, safe da yamma, har uwarta ta zo lakol ta yi faɗa ta ce an mai da mata ɗiya baiwar itace. Rahina ta girma ta yi aure, ta haifi ɗa ɗaya, ta rasu yana da shekara huɗu. Kafin yaron ya iya haɗa baƙi, maɗacin ya yi ƙiba ya rufe gwangwanin ruf. Wannan yaron shi ne Yahuza.

Mushe ya jefa ƙarfen a aljihu.

Bai yi nisa wajen neman Yahuza ba, don ga shi can tsakiyar fili da farar shadda, waya a kunne, yana nuna wa masu kafa rumfa inda za su haƙa. Ɗan kasuwa ne, yana sayen aya da wake a kasuwar Cadawa yana kaiwa kudu, kuma bana shi aka ba shugabancin kwamitin biki. Ba mugu ba ne, wannan ma shi ya fi ba da haushi. Mutum ne da in aka ce masa babba zai zo, sai ya ga komai na garinsu ya zama abin kunya. Da ya hango tsohon malaminsa ya kashe waya ya rusuna har gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa.

"Mushe, barka da dawowa. Wallahi na so in zo asibiti, hidima ce ta yi yawa."

"Na ga hidimar."

"Ka yi haƙuri. Na san ranka za ya ɓaci. Amma duba, motoci nan za su tsaya, baƙi nan za su zamna, mai hoto nan za ya tsaya. Iccen ya tare komi. Kuma ya tsufa, tsuntsaye na zubo kashi. In sun ɓata wa baƙo riga fa?"

"Tsuntsayen ba 'yan ƙasa ba ne?"

Yahuza ya yi 'yar dariya, ya ga ba a taya shi ba, ya haɗiye ta.

Mushe Mudi ya taka zuwa kututturen. Faɗinsa ya kai tabarma, ja jawur, yana tsattsafo da ruwa. Ya dafa shi da tafin hannu ya ji sanyi. A ƙasar Agye, inda Gidan Marwa take, ko jaririn manomi ya san kututture ba gawa ba ne. Da shi aka mai da itatuwa gonakin da suka zama fako: a bar shi ya yi toho, a zaɓi 'ya'ya biyu ko uku masu ƙarfi, a sassabe sauran. Ga damina ta kankama, ga saiwar shekara hamsin a ƙasa. In aka ƙyale shi, kafin kaka zai fitar da ganye.

"Abin da ya faru ya faru," in ji Mushe. "Abu guda nika so. Kar a taɓa kututturen ga. Kar a ƙone shi, kar a tone shi. Ku rufe shi da zane in kunya yake ba ku, bayan buki ku bar mini shi."

"Mushe, tsakiyar fili yake."

"Shi ya riga filin zuwa. Wanga shi ne icce na farko da garin ga ya dasa don ƙasarshi. Kai buki kake shiryawa na 'yancin kai, ko na motoci?"

"Ai sabo za a dasa, mai kyau, daga gandu aka aiko shi. Har allo an buga a Maradi da sunan baƙo."

"An buga allo. Tun kan a dasa."

Hannun Mushe yana cikin aljihu, yatsunsa a kan gwangwanin. Kalma ɗaya ta isa. Da ya ciro shi ya ce karanta, da Yahuza da kansa zai kewaye kututturen da ƙaya, ya sa mai gadi. Mushe ya san haka sarai. Amma da ya dubi fuskar nan mai sheƙi, wadda ya shekara shida yana koya mata cewa tuta ta kowa ce, rijiya ta kowa ce, inuwa ta kowa ce, sai zuciya ta taso masa har wuya. Wato sai in na gidansu ne zai ji ciwo? Ya zare hannunsa daga aljihu ba komai a ciki.

"Na faɗa maka. Don ƙasa za ka bar shi, ba don ni ba."

"In sha Allahu za a san yadda aka yi, Mushe. Kuma ka shirya, komite ya yanke shawarar ba ka takardar yabo ranar buki, saboda hidimar da ka yi wa itatuwa."

Mushe ya dube shi daga hula har takalmi, ya juya ya tafi.

A gida matarsa Saudatu ta ɗiga masa maganin ido, ta saurari labarin tana tankaɗe. Ita ma ta san Rahina, tare suka yi ɗiban ruwa. Da ya ajiye gwangwanin a kan tabarma sai ta aje rariya, ta ɗauke shi ta goge da bakin zanenta.

"Malam, tashi ka kai mishi."

"Ba ni kaiwa."

"To ni in kai."

"In kin fita da shi, kin fita da igiyar aurena."

Ta san ba da gaske yake ba, shekara arba'in da biyar tana jin irin wannan, amma ta kuma san inda taurin kansa ya tsaya. Ta mayar da gwangwanin.

"Shekara shida yana gabana," in ji Mushe. "In sai ya ji iccen uwarshi ne za ya bari, to ban koya mishi komi ba. Gobe wani ya sare gawon can ya ce ai ba na uwarshi ba ne. Layin duka haka za ya tafi. Ina son ya bar shi don abin da yake."

"Kai dai faɗa mini gaskiya. So kake icce ya rayu, ko so kake ka ci gardama?"

"Duka biyu."

"Allah ya ba ka ɗaya," ta ce, ta ci gaba da tankaɗenta.

Likita ya ce kada ya shiga rana har mako guda, Saudatu kuwa ta riƙe wannan magana kamar aya. Ranar Talata ya dawo. Laraba ya zauna a zaure yana jiran Yahuza ya zo ya ce Mushe na yi tunani. Alhamis ma haka. Duk babur da ya rage gudu a ƙofar gida sai ya gyara zama ya haɗe rai, don kada yaron ya ga kamar an yafe masa da sauri. Babur ɗin ya wuce. Yana jin amon ganga daga filin lakol ana gwajin fareti, yana jin guduma, yana ta tsara maganganun da zai faɗa in an zo ba shi haƙuri. Har Asabar ba wanda ya zo, sai wani da ya kawo katin gayyata.

Ranar Lahadi aka tashi da yayyafi, gari ya yi luf, gero ya yi kore shar har bakin lakol. Mushe ya sa tsohuwar rigarsa ta kaki wadda yake sawa kowace uku ga Agusta, ya sa baƙin tabarau na asibiti, ya jefa gwangwanin a aljihu. Filin ya cika. An yi wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, an jera kujerun roba, 'yan lakol sun yi sahu da ƙananan tutoci, makaɗa suna ta wasa mutanen da ba su ma iso ba. Idonsa bai tsaya kan ko ɗaya ba, kututturen yake nema.

Ya gan shi, sai dai bai gane shi ba da farko. An rarake tsakiyarsa an soka dogon ƙarfen tuta, an cika ramin da siminti, aka bi duk jikinsa aka shafe har ƙasa, aka zagaye gindin da daɓe mai faɗin taki biyu. Sannan aka yi masa fenti hawa uku irin na tuta, ruwan goro, fari da tsanwa. Aiki ya yi kyau, ba laifi. Ko tururuwa ba za ta samu hanyar shiga ba, balle toho ya samu ta fita.

Ya ɗaga ƙafa zai nufi wurin ke nan motoci suka iso, aka busa usur, aka ce kowa ya miƙe za a ɗaga tuta. Yara suka ɗauki taken ƙasa.

Duk wanda ya yi lakol a Gidan Marwa ya san abin da ke samun wanda ya motsa ana taken ƙasa a gaban Mushe Mudi. Ko kunama ce ta hau ƙafarka, sai an gama. Rabin mazan da ke filin nan sun sha dundu a kan wannan. Saboda haka ya tsaya. Ya haɗe dugadugai, ya miƙe hannuwa, ya ɗaga kai yana kallon tutar da yake ƙauna tana hawa daga cikin cikin itacen da aka kashe. Bai taɓa jin taken ya yi masa tsawo haka ba. Hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin tabarau, idon da aka yi wa aiki yana yi masa zafi kamar an zuba barkono, bai ɗaga hannu ya share ba.

Aka zauna, aka yi jawabai. Babban baƙon, wani mai ƙiba da fara'a, ya yi magana mai daɗi a kan hamada da gadon kakanni, aka tafa. Aka kai shi wani ɗan rami da aka haƙa a gefen rumfa, aka miƙa masa ɗan dashen dogon yaro cikin baƙar leda, tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Ya sa shi a rami, ya tura ƙasa da sabon shebur sau biyu, mai hoto ya ce a ƙara ɗaya. A gefen ramin allon ƙarfe yana ta walƙiya, ya fi dashen tsawo sau uku.

Sai Yahuza ya karɓi makirufo ya ce yanzu za a karrama uban itatuwan Gidan Marwa, kuma shi zai fara ba sabon dashe ruwa. Aka tafa sosai, don mutane suna son Mushe duk da halinsa. Aka miƙa masa takarda cikin gilashi, aka miƙa masa sabuwar butar ban ruwa cike. Takardar ya jingine ta a ƙafar kujera. Butar ya riƙe. Ya miƙa hannu aka ba shi makirufo.

"Tambaya ɗaya gare ni, wadda nika yi kowace shekara. Wa ya ɗauki iccen ga? Wa za ya ba shi ruwa watan huɗu, in rijiya ta ja baya?"

Baƙon ya yi murmushi ya dubi Yahuza. Yahuza ya dubi darakta, darakta ya dubi 'yan komite, su kuma suka shiga gyaran hula.

"Ban ji ba. An yi mini aikin ido ne, kunnena lafiya lau. Wa ya ɗauka?"

Babu wanda ya ɗaga hannu.

"To ba a dasa komi ba yau. An dai sare."

Ya mayar da makirufo, ya wuce ɗan dashen ko kallonsa bai yi ba, ya tafi gindin tuta. A gaban baƙi da makaɗa da mai hoto ya karkata butar ya juye ruwan duka a kan kututturen. Ruwan ya bi fenti ya gangara, ya bi daɓe ya malala, ya tafi ya taru a ƙarƙashin kujerun manya har wasu suka ɗaga ƙafa. Ko ɗigo bai shiga ba.

Yahuza ya iso da sauri, yana magana ƙasa-ƙasa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Mushe, don girman Allah. Gaban baƙi? Mi na yi maka haka? Icce ne fa."

Sai a lokacin Mushe ya sa hannu aljihu. Ya kamo hannun Yahuza, ya buɗe tafinsa kamar yadda yake yi in zai ba shi alli, ya ɗora masa gwangwanin.

"Kai ka yi lakol. Karanta."

Yahuza ya juya ƙarfen, ya ɗaga shi sama. Haske ya ɓullo ta ramukan ƙusa. Leɓɓansa suka motsa, ya karanta shekarar, ya karanta sunan, ya tsaya. Ya ƙara karantawa. Ba shi da hotonta, ba shi da ko ɗankunnenta, kabarinta ma ruwa ya shafe tun yana yaro.

"Rani biyu tana ɗauko mishi ruwa da tulu," in ji Mushe. "Tana da shekara goma. Dalhatu ne ya same shi cikin iccen."

Ya yi zaton in ya faɗi haka zai ji sanyi a ransa. Kwana biyar yana jiran wannan fuskar da Yahuza ya yi yanzu.

Yahuza bai ɗago ba. Muryarsa ta fito a hankali, ba irin ta mai makirufo ba.

"Yaushe ya ba ka?"

"Ran da na dawo."

"Talata."

"Talata."

"Ran da ka same ni nan, ka dafa kututturen. Yana aljihunka."

Mushe ya dubi butar da ke hannunsa.

"Ran Juma'a munka zuba siminti, Mushe. Bayan an sauko masallaci." Ya ɗago jajayen idanu. "Kwana ukku. Gidanka da nan taki nawa ne?"

Mushe Mudi ya buɗe baki. Amsar tana nan, wadda ya ba Saudatu, mai kyau, mai ƙasa da tuta da shekara shida a aji. Ya neme ta ya same ta, amma ta ƙi fitowa.

Can baya an fara kiran baƙi su shiga cin abinci, makaɗa sun koma bakin aikinsu. Yahuza ya durƙusa da farar shaddarsa a cikin ruwan da ya malala, ya sa gefen gwangwanin a bakin daɓen yana ƙoƙarin ɓantarar siminti. Simintin ya riga ya kama, ƙarfen ne kawai ke lanƙwashewa.

"Bari," in ji Mushe, "za ka ɓata sunan."

Yahuza bai bari ba. Mushe ya tsaya a kansa da butar da ba komai a ciki, bai san inda zai aje ta ba.